Ƙwayar terbinafine da ciwon farcen ƙafa: ta yi min aiki, amma sai ka shirya mata

Masu ta tambayata wane magani na sha farcen ƙafata ya dawo daidai, toh ga amsa a taƙaice: terbinafine ne, na ƙwaya, 250mg, ɗaya kullum har sati 12, kuma likita ne ya rubuta min bayan an duba min hanta. In maki kuke so na ba shi huɗu cikin biyar. Ɗayan da na cire saboda tsada ne da kuma abin da ya yi wa bakina, zan zo kansa. Amma dan Allah kar wani ya karanta iya nan ya ruga kemis, don akwai mutanen da maganin nan bai dace da su ba sam, akwai kuma wanda zai sha har ya gama bai ga komai ba saboda tun farko abin da ke damun farcensa ba irin wanda maganin ke kashewa ba ne.

Ni aikina a wani gidan ruwan leda ne ta wajen Dakace a Zariya, daga safe har bayan la'asar ƙafata na cikin rambut, ƙasa a jiƙe, cikin takalmin kuma gumi. In lokacin sallah ya yi ka cire, ka yi alwala, ka yi sallah, ka maida safa a gurguje ƙafar ba ta gama bushewa ba. Da cin ruwa abin ya fara tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, fatar ta yi fari tana saɓulewa ga ƙaiƙayi, damina ta zo abin ya ƙaru. Daga nan sai gefen farcen babban yatsa ya fara yin rawaya-rawaya, ya yi kauri, in ka kankare ƙarƙashinsa wani gari ke fitowa mai ɗan wari, a hankali farcen ya rabu da nama ta gaba, sai ya tsallaka ya kama wasu yatsun. Zafi ba sosai ba sai in na sa sau-ciki. Abin da ya fi damuna a sahu ne, ranar Juma'a ka zauna ka ga yaro na kusa da kai ya ƙura wa ƙafarka ido, sai ka fara jan bakin wando kana rufewa.

Cutar nan fangas ce, danginsu ɗaya da mai kawo makero a kan yara da mai kawo cin ruwa, wanda ya fi yawan kawo ta sunansa Trichophyton rubrum. Abincinsa shi ne sinadarin da aka gina farce da gashi da saman fata da shi, kuma ba abin da yake so irin ɗumi da laima. Shi ya sa za ka gan ta wajen kuratan soja da ke wuni cikin but a Depot, da manoman fadamar Galma, da yaran da ke wankin mota, da 'yan ƙwallo, sai kuma tsofaffi da masu ciwon suga. Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne ba a saman farcen take zaune ba, a ƙarƙashinsa take da cikinsa, shi kuma farce abu ne mai tauri da man shafawa na yau da kullum ba ya iya ratsa shi. Wanda ya fahimci wannan ya huta da asarar kuɗi mai yawa.

Wurin farko da kowa ke zuwa kemis ne, ni ma can na fara, wani na unguwarmu da ba zan kira suna ba. Yaron shagon ko sunkuyawa bai yi ya kalli ƙafar ba, ya ce "Yallaɓai ai wannan ƙaramin abu ne, ga wannan uku-a-ɗaya ne, sati ɗaya ka manta da shi." Irin kirim ɗin nan ne da ake haɗa maganin fangas da na bakteriya da kuma sitiroyid mai ƙarfi, irin su clobetasol ko betamethasone, wanda wasu matan ma ke shafawa don fari. Ƙaiƙayin kam ya tsaya nan take, sai ka ɗauka ka samu lafiya, alhali sitiroyid ɗin ne ya kwantar da garkuwar fatar wurin, fangas ɗin kuma ya samu sarari ya bazu. Nawa sai da ya hau har saman ƙafa. Wannan kirim ɗin sifili na ba shi, kuma ba ni kaɗai ke faɗa ba, a Indiya yawan shafa irinsa na cikin abubuwan da likitocin fata ke ɗora wa laifin yaɗuwar wani sabon nau'in fangas mai suna Trichophyton indotineae wanda sau da yawa ko terbinafine ɗin ma ba ya jin sa.

Kirim ɗin clotrimazole zalla, wanda ba a haɗa shi da komai ba, shi zan yi masa adalci: ya warkar min da cin ruwan tsakanin yatsu tas, ga arha. Farcen dai ko gezau.

Sai magungunan gida, wanda a nan kowa likita ne, daga mai shayi har abokin aiki har Inna. Tafarnuwa aka fara ce min, a daka a ɗaure a kan farcen a kwana da ita. Gaskiya ne tafarnuwa na da sinadarin da ke kashe fangas in an gwada a ɗakin gwaji, amma ɗanyarta in ta kwana a kan fata ƙonawa take, da safe gefen yatsana ya yi ja ya tashi bororo, farcen kuma yana nan yadda yake. Jiƙa ƙafa a ruwan khal da aka surka da ruwan ɗumi ya fi ta hankali, yana rage wari, yana sa farcen ya yi laushi ka ji daɗin yankewa, iyakarsa kenan a wajena. Inda khal ke da amfani na gaske shi ne farcen da ya koma kore, don wannan yawanci bakteriya ce ba fangas ba, kuma likitoci da kansu kan sa a jiƙa shi a ruwan khal mai sauƙi. Ruwan ganyen darbejiya da na bagaruwa da Inna ta dafa min, fatar ƙafa ta ji daɗinsu ta bushe ta yi ƙarfi, ba zan kushe su ba, sai dai ba su kai inda cutar take ba.

Man zafi shi ne wanda ya ɗan ba ni mamaki da na ji ashe an taɓa bincike a kansa. A Amurka, a wani binciken da aka wallafa a 2011, an gwada Vicks VapoRub a kan mutum 18 suna shafawa kullum har sati 48, biyar daga cikinsu suka warke. Mutum 18 ba wani yawa ba ne da za a kafa hujja da su, kuma ku lura kusan shekara suka yi suna shafawa ba kwana uku ba. Ni wani man zafi na kasuwa na yi ta shafawa da dare, ya sa farcen ya daina tsagewa, launin bai canza ba. Ga wanda nasa ɗan ɗigo ne a bakin farce ɗaya kuma ba ya iya shan ƙwaya saboda hanta, ba laifi ya gwada, ba ya cutarwa in ba a kan rauni aka sa ba.

Lalle kuma rufe abin kawai yake. Mata da yawa shi suke sawa don kar a gani, har ranar da za su je asibiti farcen ya yi jawur likita ba ya iya ganin asalin launinsa. Wanda kuwa zai ce maka ka ɗiga kalanzir, ko bilic, ko ruwan batir, ko man birki, wallahi ka ce masa Allah ya ba da lada ka wuce. Ruwan batir asid ne, nama zai ci. Na ga wani bakanike da ya yi haka, ciwon da ya samu a yatsan ya fi wanda yake son warkarwa nesa ba kusa ba.

Da na je wajen likita a wani asibiti a Tudun Wada, abin da ya fara burge ni shi ne bai ɗauki biro ba sai da ya sa na cire takalma duka biyu ya duba har tsakanin yatsu da tafin ƙafa da farcen hannu. Ya ce min, "Malam, kusan rabin farcen da ya lalace ba fangas ba ne. Wani bugewa ce, wani matsin takalmi ne, wani ciwon fata ne da ake kira psoriasis, duk suna kama da juna a ido. Ba zan ba ka maganin wata uku a kan zato ba." Ya tura ni lab, aka yanki farcen aka kankaro garin nan na ƙarƙashi, suna zuba masa wani ruwa da ke narkar da farcen su duba a madubin likita su ga zaren fangas ɗin, wannan ba ya ɗaukar lokaci. Akwai gwaji na biyu da ake shuka shi a jira ya tsiro don a san ainihin nau'insa, shi kan ɗauki makonni. Amfanin na biyun shi ne a ƙasashenmu masu zafi akwai wani nau'i da ake kira Scytalidium da ake ɗauka daga ƙasa, musamman masu yawo ba takalmi a gona, kamanninsa ɗaya da wancan amma da ƙyar yake jin terbinafine. In abin ya rikice haka, asibitin koyarwa na Shika akwai likitocin fata, can ake tura mutum.

Gwajin hanta kuma kar wanda ya ce zai tsallake shi don tsimin kuɗi. Terbinafine ta hanta yake bi, kuma duk da ba kasafai yake taɓa ta ba, in ya taɓa wanda dama tasa ba lafiya abin kan yi muni. Mu kuma a ƙasar nan ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, babban binciken da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya na ɗauke da shi, da yawansu ba su ma sani ba don ba ya nuna alama da wuri. Ni an yi min na aikin hanta da na nau'in B ɗin, Alhamdulillahi duka lafiya, likita ya ce in dawo a sake dubawa a tsakiyar shan maganin.

Inda na sayi maganin wani famasi ne a Sabon Gari ta wajen PZ, kuma a nan na ga bambancin kemis da famasi ƙiri-ƙiri. Wata Hajiya ce mai lasisin haɗa magani a wurin, ta karɓi takardar ta karanta, kafin ta miƙo komai sai da ta jero min tambayoyi: kana shan maganin tarin fuka? maganin olsa fa? na damuwa ko na bugun zuciya? Na ce Hajiya duk wannan na mene ne, ta ce rifampicin da masu tibi ke sha yana sa jiki ya yi saurin fitar da terbinafine har ya kasa aiki, cimetidine na olsa kuma yana sa ya taru da yawa, shi kuma terbinafine ɗin kansa yana sa wasu magungunan damuwa da na zuciya su yi ƙarfi fiye da kima. Har jiƙe-jiƙen gargajiya ta tambaye ni, ta ce in ajiye su tukuna kar a haɗa wa hanta aiki biyu. Ta nuna min lambar NAFDAC a jikin kwalin da ranar lalacewarsa, ta ce duk maganin da ya zo da wurin kankarewa in kankare in tura lambar ta tes in tabbatar ba jabu ba ne. Wurin da sanyi, magani ba ya kan kanta rana na dukansa. Abu ɗaya da ban so ba shi ne layi da yamma da kuma rashin wurin ajiye mashin, amma a aikinsu na ba su biyar cif.

Batun kuɗi, ku yi lissafi tun kafin ku fara: sati 12 ƙwaya 84 kenan, in kwalin mai 14 ne kwali shida. Na asali mai suna Lamisil ya fi tsada sosai, ni na Indiya na saya mai rajista, sinadarin ɗaya ne. Shawarar da Hajiyar ta ba ni ita ce in da hali in saya duka lokaci guda, ko aƙalla rabi, don abin da ta fi gani shi ne mutum ya sayi kati biyu ya sha, kuɗi su yanke ko ya ga ba canji ya watsar, ya yi asarar na farkon kenan. Ga kuma farashi da ba ya zama wuri ɗaya. In farcen hannu ne sati 6 ake sha, rabin kuɗin kenan.

Shan sa ba wahala, ƙwaya ɗaya ce, da abinci ko ba abinci, ni bayan tuwon dare nake sha don kar in manta, mai azumi ma zai iya sha bayan buɗa-baki ko da sahur. Makon farko cikina ya ɗan yi ta ƙugi da kumburi, sai ya daina. Abin da ya ba ni haushi a wata na biyu ya zo: ɗanɗano ya gudu. Shayi ya koma ruwan zafi kawai, tsire ka ci ka ji yaji a harshe amma naman ba ka jin komai, miyar kuka da ta kuɓewa duk ɗaya, har uwargida ta fara zargin ko girkinta ne na daina so. Na koma wajen likita, ya ce sananne ne ga wasu masu shan sa, yawanci yana dawowa bayan an gama, ya tambaye ni ko ina iya cin abinci, ya duba sakamakon hanta na biyu, muka yanke shawarar in ƙarasa tunda saura kaɗan. Ya dawo kuwa, amma sai da ya ɗauki makonni bayan na daina, kuma na ɗan rame. Akwai wanda nasa kan daɗe fiye da haka, shi ya sa in ya same ka ka gaya wa likita, kar ka yi shiru. Abubuwan da ya ce in na gani in tsaya nan take in zo: ido ya yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi duhu sosai, bayan gida ya yi fari-fari, amai da kasala da ciwo a gefen dama na ciki, ko ƙuraje su feso a jiki ko baki ya yi gyambo.

Yanzu ga wurin da mutane suka fi yanke wa maganin nan hukunci bisa zalunci. Ranar da na haɗiye ƙwaya ta ƙarshe farcena yana nan da muninsa, rawaya, mai kauri, abokan aiki har suna min dariya wai an ci kuɗina. Abin da ba su sani ba shi ne farcen da ya riga ya lalace ba ya gyaruwa, sai dai sabo ya tsiro daga tushe ya turo shi gaba kana yankewa. Mata sun fi mu gane wannan, lallen da aka sa a farce ai ba ya wankuwa, sai dai ki ga fari na fitowa daga gindi jan na matsawa gaba har ya ƙare, toh haka abin yake. Farcen hannu na tsiro kusan milimita 3 a wata, na ƙafa kuwa milimita 1 zuwa ɗaya da rabi, don haka na hannu wata 4 zuwa 6 ya sabunta, babban yatsan ƙafa kuma sai shekara zuwa wata 18. Shi maganin taruwa yake a cikin farcen ya zauna watanni bayan ka daina sha, yana hana fangas ɗin haɗa wani maiƙo da yake gina bangon jikinsa da shi har ya mutu. Don haka wurin da za ka kalla gindin farce ne ba bakinsa ba. Likita ya sa na riƙa ɗaukar hoto da waya duk farkon wata a wuri ɗaya da haske ɗaya, kuma da hoton ne na fara ganin wani siririn layi mai tsabta a gindi yana faɗaɗa, da ido kawai ba za ka lura ba don kullum kana ganin ƙafar.

Kuma kar in zuga shi fiye da yadda yake. A gwajin da aka yi kafin a amince da shi, kusan kashi 70 cikin 100 ne fangas ɗin ya mutu a farcen ƙafarsu, amma waɗanda farcen ya dawo garau ba tabo kuma ba cuta kusan kashi 38 ne kawai. Wato ko shi da ake ganin ya fi sauran ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma cutar kan dawo wa wasu bayan sun warke. Nawa babban yatsa ya dawo sumul, ƙaramin yatsan hagu har yanzu da ɗan kauri, likita ya ce wannan matsin rambut ne na shekaru.

Sauran ƙwayoyin ban sha su ba amma na tambaya. Griseofulvin, wanda ake ba yara na makero kuma kemis suka fi saurin miƙo shi saboda arha, tsohon magani ne tun wajen 1958 ake amfani da shi, a kan yara yana aiki, a farcen ƙafa kuwa sai ka sha shekara ko fiye kuma waɗanda ke warkewa kaɗan ne, in ka tara kuɗin ma ba arhar. Mai ciki ba ta shan sa, namiji ma ana son ya jinkirta neman haihuwa har wata 6 bayan ya gama. Itraconazole kafso ne, ana shan 200mg safe da yamma na sati ɗaya a huta sati uku, zagaye uku na ƙafa biyu na hannu, dole da abinci, ba a ba mai ciwon gazawar zuciya, kuma yana faɗa da magunguna da yawa har da na olsa. Fluconazole sau ɗaya a sati ne amma watanni masu yawa.

Akwai kuma na shafawa da aka yi musamman don farce, amorolfine, yana zuwa a 'yar kwalba irin ta jan farce, ka goge saman farcen ka share da sifirit ka shafa sau ɗaya ko biyu a sati, wata 9 zuwa 12 in na ƙafa ne. Ga wanda cutar ta kama bakin farce kawai ba ta kai gindi ba aka yi shi, nawa ya wuce nan. Yana da tsada, ba kowane famasi ke ajiye shi ba, sannan ga maganar alwala tunda bushewa yake ya yi rufi a kan farcen. Malamin da na tambaya ya kawo min bayanin lalura da shafa a kan abin da aka ɗaure ciwo da shi, amma wannan kowa ya zauna da malaminsa ya gaya masa yadda maganin yake.

Uwargida ita ma farcen hannunta biyu sun lalace, har ta ce in raga mata nawa ta sha. Da aka duba nata daban ne, gefen farcen ne ke kumbura ya yi ja, fatar gindin ta janye, wani lokaci har ɗan ruwa ya fito, wasu su ce ɗan karkare ne. Na masu wanki da wanke-wanke ne, hannu kullum cikin ruwa da omo, wani nau'in fangas daban mai suna Candida kan shiga wurin, shi kuma terbinafine ba shi da ƙarfi sosai a kan Candida. Ga shi tana shayarwa, maganin kuma yana fita a nono, mai ciki ma ana ce mata ta bari sai ta haihu tunda farce ba gaggawa ba ne. Kirim aka ba ta, aka ce ta riƙa sa safar hannu ta roba wajen wanki ta kuma daina tura fatar gindin farce baya. Da ƙyar ta saba da safar, wai ba ta jin kwanon ya fita, amma kumburin ya sauka.

Ni dai rambut ba zan daina sawa ba tunda da shi nake ci, abin da na canza shi ne na sayi na biyu ina musanyawa, wanda na cire in kife shi a rana. Safa ta auduga, in ta jiƙe da azahar in canza wata. Ɗan ƙaramin tawul na cikin aljihuna, bayan alwala in bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya in goge kafin in maida takalmi, tawul ɗin kuma na ƙafa ne kawai. In na tashi aiki silifas nake sawa ƙafa ta sha iska. Tsofaffin kambas ɗina da na yi ciwon da su na zubar, don ƙwayoyin fangas ɗin kan daɗe a cikin takalmi. Cin ruwa kuma da ya leƙo nake bin sa da clotrimazole in ci gaba da shafawa har bayan ya ɓace, don ta nan yake komawa farce.

Masu yankan farce na yawo da ake kira a bakin kasuwa da tasha, ba na son in taɓa sana'ar kowa, sun iya aikinsu, babu mai gyara farce mai kauri da kyau irinsu. Amma almakashi ɗaya da 'yar wuƙa ɗaya ke bin ƙafar mutum nawa a wuni, ruwan kumfar da suke tsomawa kuma ba ya kashe komai, kuma ba fangas kaɗai ba, in aka yanke ka jini ya fito ciwon hanta ma ta nan yake bi. Ni yanzu da kayana nake zuwa in ba shi ya yi min, in ya gama in goge da sifirit, kuma na ware abin yankan farcen da ya kamu daban da na sauran. Mai ciwon suga kuwa kar ya bari kowa ya sa masa wuƙa a ƙafa, kar kuma ya yi gwajin tafarnuwa ko wani abu mai zafi, ƙaramin rauni a wurinsa kan zama gyambon da ke kai mutum ga yanke yatsa, asibiti zai je a yanke masa. Sannan baƙin layi a tsayen farce, mu baƙaƙen fata da yawanmu muna da shi kuma yawanci ba komai ba ne, amma in sabo ne a yatsa ɗaya, yana ƙara faɗi, ko baƙin ya malalo kan fatar gefe, wannan ba na terbinafine ba ne, likitan fata za ka nema a Shika ya gani da wuri.